Burgame Mai Maratayi Biyu

Wani ne a Wurno, shekarar da sojojin Nasara suka fara dawowa daga yaƙin Bama. Wana, Mode, Allah ya jiƙansa, shi ya san labarin tun daga tushe, don da shi aka yi. Kerensa, sandan jifa na farauta, yana nan rataye a ɗakinmu, ba mai taɓawa. In na ɗaga ido na gan shi, wata rana ƙwalla ce ke zuwa, wata rana mutumin nan ne ke faɗo mini.

Matar mutumin, Kaltume, ta haihu. Uwarta Inno ta zo daga Lahodu zaman jego. Ana wanka, ana kunun kanwa, amma ba ƙauri. Ko ƙafar akuya mijin bai shigo da ita ba. Inno ta fara yi wa tukunya faɗa, irin faɗan da ake yi don na bayan darni ya ji.

Ya kuwa ji. Ya ɗaga murya ya ce, "A gaya ma Inno ta kwantar da hankalinta. An buga gangar hwarauta. Kahin suna, naman daji sai ta ce ya isa."

Mutumin nan ko gafiya bai taɓa kashewa ba. Ba shi da kare, ba shi da kere. Duk wannan bai dame shi ba. Damuwarsa ɗaya, jakar da zai zubo naman.

Ran kasuwar Goronyo ya nufi rumfar dukawa, wurin wani baduku mai suna Yari. Yari ya miƙo masa burgame na fatar akuya, irin na kowane mafarauci. Ya rataya, ya yi taku biyu, ya yamutsa fuska.

"Wanga na cin kahwaɗa."

"Ai babu komi ciki."

"To in babu komi shina ci, ina ga an sa barewa?"

Aka ba shi wani. Wai yana bugun haƙarƙari. Aka ba shi wani. Wai bakinsa ya yi ƙunci, cinyar gwanki ba ta shiga.

Yari ya ce, "Malam, don Allah kai mi ka taɓa kashewa?"

"Jaka niz zo saye, ba hira ba."

Akwai wani tsohon soja, Mu'azu mutumin Rabah, zaune ana yi masa gyaran takalmi. Ya ce, "Mu can Bama ba mu rataya jaka gehe guda. Maratayi biyu. A goya ta awa jinjiri, a ɗaure ga ƙirji. Sai ka wuni tahiya ba ka san da ita ba."

Mutumin ya tafa hannu. "Ka ji waɗanda sunka ga duniya!"

Sai idonsa ya kai kan wata fatar gada da ke shanye, sukutum, da gashinta da kunnuwa da ɗan wutsiya. Ya shafa, laushi kamar kumatun jariri.

Yari ya ce, "Wagga ba a gama jimarta ba. Ba ka jin ƙarni?"

"Da hanci aka ɗaukar kaya?"

Ya sa aka ɗinke ta, aka sa maratayi biyu. Ya ce a cusa audugar rimi don kada ta taɓa masa ƙashin baya. Aka cusa har ta yi ɓul-ɓul. Yari ya ɗauko wuƙa zai yanke kunnuwan, ya ce a'a, a bar masa, ado ne.

Ran farauta, mutane sun fita tun da sanyin safiya, shi yana gida yana gyaran maratayi. Ya ƙulle ga ƙirji, ya ƙara ƙulli, ya ƙara wani don kada ta yi lilo. Da ya ga an bar shi, sai ya yanke ta fadama don ya cim musu. Bai sani ba ashe gabansu ya ɓullo, tsakiyar ciyawar gamba, inda ake koro namun daji. Ƙaya ta soke shi. Ya duƙa cirewa.

Mode ya ce shi dai abin da ya gani, bayan gada mai ƙiba da kunnuwa biyu a tsaye cikin ciyawa, iska na kaɗa su. Ya ce bai taɓa yin jifa mai kyau irin na ranar ba.

Tim!

Gada ta miƙe da ƙafa biyu tana salati. Karnukan wani Lawwali mutumin Taloka suka shaƙi ƙarni, suka ce da wa Allah ya haɗa mu. Mutumin yana gudu yana ta fama da ƙulli, ƙulli ya ƙi. Audugar rimi na tashi bayansa kamar furen da iska ta kaɗo. Suka kayar da shi rub da ciki.

Kafin a kore karnuka, gardama ta tashi a kansa.

Mode ya ce, "Kerena yaf fara sauka!"

Lawwali ya ce, "Karena yak kada ta!"

Daga ƙasa mutumin ya ce, "Jama'a, ni na! Mutum na!"

Lawwali ya ce, "Yi shiru, ba da kai aka ba."

Sarkin Dawa Maccido ya iso, ya zagaya shi, ya taɓa shi da gora. Ya ce al'ada ba ta tashi don wawa ya shigo cikinta. Fata ta mai kare, abin da ke ƙarƙashin fata na mai jifa.

Aka yanke maratayi, Lawwali ya yi gaba da fatarsa. Mode ya tasa rabonsa gaba har Wurno, riga a yage, auduga a gemu, mutumin yana ɗingishi yana cewa, "Amma dai ka ga burgamen ko kaɗan bai ci mini kahwaɗa ba."

A ƙofar gida Mode ya yi sallama. "Inno, ga abin da nis samu yau. Na ba mai jego, a yi mata ƙauri."

Inno ta leƙo ta kan darni, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Koma da abinka, ɗana. Wanga muna da shi tun bara, bai taɓa yin romo ba."