Ranar da Na Yi wa Gwaggo Kukan Mutuwa Tana Ji

Ba zan taɓa mantawa ba da kukan da na yi a Zandam da rana tsaka.

Lokacin ina ɗalibin gwaje-gwajen asibiti a Birnin Kudu, kai ya kumbura. An koya mana cewa idan zafi ya matsa wa ƙwayoyin jiki, sukan fitar da wasu sunadarai da ke ɗauko gutsuren ciwon daji su nuna wa sojojin jiki, kamar mai cewa ga ɓarawon nan. Da na je gaida Gwaggo Hanne, yayar babana, mai fama da dajin mama, sai na baje wannan ilimi a tsakar gida (ban faɗa musu abin bai wuce ɗakin bincike ba tukuna). Su dai abin da suka ji shi ne zafi yana maganin daji.

Ranar da likita ya ce ta dawo asibiti, ba ta zo ba. Na hau acaɓa na bi sawu har gidanta a Zandam.

Sallama uku, babu amsa. Ko kaza ba ta motsi. Ƙatuwar tukunya tana tururi a murhu, ga ganyen magarya a gefe, irin wanda ake wankan gawa da shi. A ɗaki na tarar da mutum a miƙe kan tabarma, an lulluɓe shi da farin zane har ƙafa kamar likkafani, ƙuda ɗaya yana yawo a kai.

Na zube ina salati, ina cewa ni na kashe ta da bakina. Har na tona cewa darasin ma da kyar na ci jarrabawarsa.

Sai zanen ya motsa. Hannu ya fito, a jiƙe, da zafi, ya damƙe mini tsintsiyar hannu. Ihun da na yi sai da ya tara matan maƙwabta.

Ashe kwana tara tana sirace bisa fatawata, ta kwanta ne gumi ya fita, mutan gidan kuma suna gona.

"Duk na ji," in ji ta. "Ashe kai ma ba ka gane karatun ba. Share majinar nan ka nemo mota, ɗan nan. Ban shirya sa na gasken ba."

Washegari muna asibiti. Tun daga ranar, ilimin da bai nuna ba ba na sauke shi a gida. Bayan shekara uku, da aka lulluɓe ta da na gasken, na daɗe a durƙushe ina jiran hannun nan ya fito.