Takalmin Mai Gwajin Ruwa

Jama'a, kwana huɗu ke nan ina jigila tsakanin ɗaki da banɗaki da buta a hannu. Autata, 'yar shekara bakwai, ta yi iyo a tafkin bayan gari ranar Asabar. Tun daga ranar cikinta bai tsaya ba, kunnenta na hagu sai ruwa yake fitarwa. Likita yana ganinta ya ce, "Tafki ko? Ita ce ta tara a makon nan."

Abin da ke cin raina, ni na kai ta da hannuna. Allo ne a bakin ruwan, da koren fenti ɓaro-ɓaro, wai an gwada, ruwa lafiya lau.

Jiya na koma in ga wannan lafiya da idona. Mai hayar tayoyin iyo ya ce, "Samu wuri ka zauna, yau Talata, yanzu za ka sha kallo."

Can sai ga mota. Ranka ya daɗe Babban Mai Kwalba, wato jami'in gwajin ruwa, ya fito, takalmi sai ƙyalli. Bai ko kalli inda yara ke wanka ba, wato gefen da kwatar kasuwa da ta banɗakunan haya ke zuba. Ya miƙe can sama, wajen matakalar siminti ta gidan hutun manya, ya ɗan rusuna, ya cika kwalbarsa.

Na bi shi na ce, "Ranka ya daɗe, ai can ƙasa yaran suke shiga."

Ya dubi can, ya dubi takalminsa. "Malam, can akwai taɓo. Ai duk tafki ɗaya ne."

"To kawo in ɗebo maka, ni silifa ne a ƙafata."

"Kai ma'aikaci ne? Ruwan da ba ma'aikaci ya ɗebo ba, ba ya shiga rahoto."

Kai, madalla da wannan bawan Allah! Mai taya ya ce shekara shida yana wannan aiki, ko sau ɗaya ruwan bai faɗi gwaji ba, ko sau ɗaya takalmin bai jiƙe ba. A ba shi lambar yabo, a ba takalmin tasa daban.

Da Auta ce kaɗai, da na haɗiye. Amma maƙwabciyata malamar firamare ce, kuma Asabar mai zuwa za ta kai yara arba'in wannan ruwa. Na same ta na zayyana mata komai. Ta yi tagumi ta ce, "Baban Auta, wallahi na yarda da kai. Amma shugaban makaranta takarda ce a hannunsa, da hatimi. Ni me zan nuna masa?"

Ba ni da hatimi, ina dai da tsoro, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na riga na kai tsohon takalmina na roba ofishinsu kyauta, ko za a daure a taka taɓo. Sakatare ya ce in rubuto takardar neman izinin ba da shi. Saboda haka Asabar da sassafe za ku same ni a gindin allon nan, da Auta a kafaɗa da audugar kunnenta, duk uban da ya zo in nuna masa.

Ɗazu tana kwance ta ce, "Baba, ruwan ne ba shi da lafiya, ko ni?"

Na ce, "Ke ce, 'yata. Shi ruwan yana da takarda."