Ranar da Na Goge Maɓallan Yaya Lawal

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da saƙon ya same ni ba. Ina tsugune gaban wani babur a rumfata a Batsari, hannu duk baƙin mai, sai waya ta yi ƙara: ana son lasifikar Yaya Lawal a wata walimar aure a Safana, ranar Asabar. Wata huɗu ke nan da rasuwar Yaya (Allah ya jiƙansa), kuma wannan ne kira na farko tun bayansa. Da hayar lasifikar nan matarsa Hajara ke sa ran riƙe yara. In aiki ya yi kyau, za a ci gaba da kiranmu. In na ɓata, shi ke nan.

Akwatin da ake sarrafa murya da shi, Yaya ne ya haɗa da hannunsa. Har maɓallan shi ya zuba: narkakkiyar roba a murfin kwalba, da ƙaramar fitila a ƙarƙashin kowanne. In ka danna, duk fuskar maɓallin ta yi ja kamar garwashi. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Maɓallan dishi-dishi suke, kamar an barbaɗa musu gari. Na ce wa kaina ciwo ne ya hana Yaya ƙarasa aikinsa.

To, ni bakanike ne. Fitilar babur in ta dushe, man goge baki muke sa mata mu murza da tsumma har ta dawo sabuwa. Haka na zauna yini guda ina murza maɓallan nan, har suka koma garau kamar gilashi. (Har baya na ja ina kallonsu, ina jinjina wa kaina.)

Ranar Asabar da hantsi aka ba ni teburi a gefen rumfa, inda rana ke dukana sosai. Na gabatar da kawun ango a makirufo ɗina, shi kuma ya karɓi nasa ya fara nasiha. Na danna maɓallina don in kashe. Na duba, yana ƙyalli. Na duba sauran, su ma ƙyalli suke. Mai wuta da marar wuta duk ɗaya, rana ce kawai ke wasa a kansu. Na sake dannawa don in tabbatar. Ashe na farkon ya kashe, na biyun ya kunna.

Kawu ya yi nisa, ya kai labarin aurensa na fari. Ƙamshin shinkafa kuwa yana ta zuwa daga cikin gida. Na sunkuya wajen abokina Bala, wanda ya rako ni, na ce, "Bala, tsohon nan sai ya aurar da jikokin ango kafin ya sauka. Ni fa cikina kiran ciroma yake yi."

Sai na ji muryata ta dawo mini daga saman bishiyar darbejiya, inda na ɗaure lasifika da hannuna.

Bala ya zame ƙarƙashin teburi, wai takalminsa yake nema. Kawu ya juyo a hankali ya ce, "Ƙanen Lawal ne ko? A kai wa yaron nan abinci, kada ya faɗi mana a nan." Jama'a suka kwashe da dariya. Aka kuwa kawo, faranti cike maƙil, a gaban kowa. Ban taɓa cin shinkafar da ta ƙi wucewa irin wannan ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Hajara ta dubi akwatin, ta yi dariyar da rabona da jinta tun kafin ciwon Yaya.

"Kai, ƙanen miji! Wa ya aike ka? Yayanka da gangan yake bin su da samfefa, takardar nan ta goge katako, har su dushe. Cewa yake roba garau tsinin haske kawai take nunawa, rana ta fito ya ɓace. Mai dishi-dishi ita ke baza shi ko'ina."

Kawun dai ya yafe, har ma ya kira mu sunan jikarsa. Ya ce a ciyar da ni tukuna.

Na koyi cewa ba kowane abu marar ƙyalli ke jiran tsummana ba. Na sayo samfefa iri uku ina gwadawa, amma nawa zane-zane suke fitowa, hasken bai kwanta lumui kamar nasa ba. Har yanzu ban gano wacce Yaya yake amfani da ita ba.