Shaidar Gwaggo Tabawa a Kan Dila

Tun da tsohon Zaki ya mutu bai bar magaji ba, dabbobin Dajin Ruwan-Baƙi suka yanke cewa sun waye: shugaba sai da ƙuri'a, duk bayan damina huɗu. Masu ci suka ci gaba da ci, waɗanda ake ci suka ci gaba da ciyuwa, sai dai yanzu kowa yana da 'yancin ɗaga ƙafa a gindin kuka.

A bana Dila ne ya fito takara, ya kara da Ɓauna. Doka ta ce kafin zaɓe majalisa za ta zauna, duk mai ƙorafi a kan ɗan takara ya faɗa. Ba a saba samun mai ƙorafi ba, don haka Toron Giwa, shugaban zaman, har ya ɗaga hanci zai sallami taro, sai wata tsohuwar zabuwa, Gwaggo Tabawa, ta ratso tsakiyar fili. Shekara goma sha biyu maganar na cin ta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na san yaron nan tun yana fama da ƙazuwa. A rame ya zo Unguwar Zabi neman aiki, muka tausaya masa, muka ba shi gadin ƙwai. Damina biyu ba mu ga ɗan tsako ko ɗaya ba. Ya ce maciji ne. Aka kori maciji, ƙwai bai daina ɓata ba, mai gadi kuwa har ya yi wuya. Nawa kaɗai goma sha tara ne suka ɓata."

Ta juya ta dubi Dila, ta ci gaba.

"Da muka kai kuka, sai aka ƙara masa girma, aka ba shi gidan marayun zomaye. Kafin kaka aka rufe gidan saboda rashin marayu, aka kuma ba shi lambar yabo wai ya kawar da maraici a daji."

Toron Giwa ya yi gyaran murya. "Ina shaidunki?"

"Suna cikinsa, ranka ya daɗe."

"To majalisa ba ta karɓar shaidar wanda bai halarci zama ba."

Dila ya miƙe a natse, ya rusuna wa tsohuwar har ƙasa. Ya ce, "Jama'a, Gwaggo uwata ce, kuma na gode da ta karanto muku tarihin gogewata. Ku duba fa: duk dajin nan wa ya fi ni sanin hanyar da ƙwai ke bi ya ɓata? Abokin takarata mutumin kirki ne, amma ban da ciyawa me ya sani? Za ku damƙa amanar ƙwai a hannun wanda bai taɓa ganin cikinsa ba?"

Taro ya kaure da shewa. Kura ta share hawayen tausayi ta ce, "Ai kuruciya ce, wa bai yi ba?" Ɓauna ya buɗe baki zai yi magana, kafin ya gama tauna abin da ke cikinsa an tashi.

Abin da ya fi ƙona wa Tabawa rai shi ne jikokinta, waɗanda suka tare ta a hanya. Babbarsu ta ce, "Haba Gwaggo, kin kunyata mu! Mutumin da ya ce zai raba mana gero? Mu ba a haife mu ba lokacin da kike magana."

"Shi ya sa kuke da bakin magana," in ji ta.

Ranar zaɓe Dila ya lashe Unguwar Zabi kaf, ban da ƙafa ɗaya.

Da hantsin rana ta uku Hankaka, kakakin fada, ya sauka a ƙofarta. Ya ce sabon shugaba, Mai Girma Dila, ba ya riƙo, har ma ya naɗa ta Uwar Gaskiya ta Daji, kuma yana gayyatar ta liyafar cin abincin rana, ita kaɗai.

Tabawa ta dube shi. Ta ce, "A wane gefen akushin zan zauna?"

Hankaka ya kau da kai. "An dai ce ki zo da wuri, kuma kada ki wahalar da kanki da kawo komai."

Jikokinta suka rangaɗa guɗa. Suka kewaye ta suna gyara mata gashi, suna faɗa wa maƙwabta cewa yau gidansu ya shiga gwamnati.