Sulhun da Na Yi Kan Jakin Baba

Shekara biyu na yi a jami'a ina karatun hulɗar ƙasa da ƙasa: ga tarihi, ga shari'a, ga tattalin arziki, duk a tukunya guda. Da na zo hutu gida Allakaye, gani nake babu rigimar da za ta gagare ni.

Ran kasuwa wani tsoho da ban taɓa gani ba ya shigo gidanmu, ya kwance jakinmu, ya ce da Baba, "Kai bawana, mi kake yi da dukiyata?" Baba ya kira shi ɓarawon garin Garhanga. Jakin nan kuwa shi ke ɗauko mana ruwa.

Na gyara murya na shiga tsakani. Kamar yadda aka koya mana, na raba ɓangarorin: Baba a zaure, baƙo a gindin itacen bedi. Na yini ina kai da kawo, kowannensu ya murtuke fuska yana ƙara sharaɗi. Da la'asar na samo maslaha: jaki ya yi wata a nan, wata a can.

Inna ce ta kasa daurewa, ta tuntsire da dariya a bakin murhu. "Ɗan nan, ɗan gwaggon babanka ne fa! Taubasai ne, tun suna yara haka suke gaisawa."

Har yau ina mamakin yadda dattawan nan suka haɗa kai a kaina ba tare da sun ko kalli juna ba. Yanzu ko kaji suka kaure da faɗa a tsakar gida, sai Baba ya leƙo daga zaure ya ce, "Maza a kira Ambasada."