Alhaji Korau a Sashen Manyan Baƙi

Wani mutum ne a unguwarmu ana ce masa Alhaji Korau Ɗan Bene. Shi ya raɗa wa kansa sunan. Wai a saman bene aka haife shi, hawa na uku, a tsakiyar Ikko, har sai da ungozoma ta huta sau biyu kafin ta kai sama. In aka ambaci ƙauye a gabansa sai ya toshe hanci.

"Ni fa ciyawa," in ji shi, "a talabijin na fara ganinta. Na zaci gemu ne ƙasa ta tsirar."

Matarsa, Hajiya Tasalla, takan ce "Uhm," ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Wanda ya fi shan wannan cika baki shi ne surukinsa, Alhaji Bawale, baban mijin 'yarsa. Manomi ne, ba ruwansa da surutu. Shekara takwas Korau na kiransa "mutumin daji" a gaban jama'a, shi kuwa sai murmushi.

To, aka yi hutun makaranta. Jikoki suka tasa su gaba sai an kai su Tudun Nishaɗi, wani wurin wasa can hanyar Abuja. Akwai lilo, akwai majaujawa, akwai wani jirgi da ke hawa sama ya sulalo da mutane suna salati. Masauki ma a ciki yake. Gida biyu aka cika mota, aka tafi.

A wurin karɓar baƙi wata budurwa ta tarbe su. "Sannunku da zuwa. Muna da ɗakunan bene masu kallon filin wasa. Muna da na ƙasa kusa da wurin cin abinci, saboda masu yara."

Bawale ya ce, "Na ƙasan ya ishe mu, 'yata."

Korau ya bushe da dariya. "Ai ku dama kun saba da ƙasa, Alhaji. Ke yarinya, ina manya ke sauka? Turawa, masu jiragen sama, irinmu dai?"

"Sashen manyan baƙi, ranka ya daɗe. Amma bari in nuna maka hotonsa tukuna."

"Hoto? Ni da na kwana a otal ɗin da ko makewayinsa kafet ne? Miƙo makulli!"

Aka sa su a wata 'yar mota, har da Bawale, wai ya zo ya ga yadda manya ke kwana. Suka wuce bene. Korau ya gyara hula. Suka wuce wurin ninkaya. Ya gyara babbar riga. Suka gangara cikin itatuwa, mota ta tsaya ƙiii!

Ɗakin laka ne zagayayye, da jinkar ciyawa. Ga randa a bakin ƙofa, ga tabarma, ga fitilar ƙwai. Har da zabi uku suna kiwo.

"Ina ɗakin?" in ji Korau.

"Ga shi, ranka ya daɗe," in ji direba. "Baƙin ƙasashen waje rububinsa suke yi."

Bawale ya dafa shi. "Kada ka tsorata, Alhaji. Abin da ke sama ɗin nan shi ne ciyawa. Ba ta cizo."

Gumi ya keto wa Korau, amma komawa baya a gaban mutumin daji? Ina! Ya ce, "Dama na daɗe ina son in ɗanɗana rayuwar talakawa."

Washegari bayan azahar kowa ya tafi filin wasa. Korau ya ce shi ya hau lilon da ya fi wannan a Dubai, kwanciya zai yi. Yana kwance aka soma yayyafi. Ɗis! A kan hancinsa. Ya matsa. Ɗis! A cikin kunne. Ya ɗaga kai ya ƙare wa rufin kallo. Wallahi ba ruwan ne ya ɓata masa rai ba. Aikin ne.

"Wane ɗan banzan ne ya yi wannan baibaya?"

Da ruwa ya ɗauke, aka turo ma'aikata biyu da damin ciyawa su gyara. Korau ya fito ya tsaya, hannu a baya. Sai ya ga sun fara shimfiɗawa daga ƙololuwa suna gangarowa. Jama'a, ko akuya ta san daga ƙasa ake farawa a yi sama, na sama ya rufe na ƙasa, ruwa ya zame!

Ya cije leɓe. Ya juya ya tafi. Ya dawo. Ya ce a ransa, ina ruwana, ni ɗan bene ne. Ya sake tafiya. Sai ya ji ɗayan na cewa, "Kawo ƙusa mu buga."

Ƙusa! A jinka!

Korau ya dubi gabas, ya dubi yamma. Ba kowa. Ya tuɓe babbar riga, ya jefar da hula, ya cire dogon wando, ya rage daga shi sai gajere. Fir! Kafin ka ce me, ga shi a sama kamar ƙadangare.

"Ku sauka, 'yan asara! Kai, miƙo igiya! Kai, jiƙa ciyawar nan!"

Ya tofa yawu a tafin hannu. Ya shimfiɗa, ya ɗaure, ya ja da haƙori, ya bubbuga. Hannu na aiki kamar jiya ya bari. Daɗi ya kwashe shi har ya fara 'yar waƙa, ya manta da duniya.

Ashe akwai wani ƙaramin jirgin ƙasa da ke zagayawa da baƙi, kuma ta nan yake bi. Sai ga shi, fuuu, cike da mutane. Mai yi musu bayani ya hango Korau, ya ɗauka cikin shirin wurin ne, ya ɗaga lasifika.

"Jama'a, a hannun damanku ga wani tsohon baƙauye yana nuna yadda ake rufin gargajiya! Irinsu sun kusa ƙarewa. A ɗauki hoto!"

Ƙyas! Ƙyas! Ƙyas! Aka yi ta tafi. Sai jikoki, da ashe suna cikin jirgin, suka haɗa baki: "Laaa! Kaka ne!"

Korau ya daskare, igiya a baki.

Bawale ya sauko daga jirgin a hankali. Ya zagaya ɗakin, ya ja ciyawa, ko motsi ba ta yi ba. Ya girgiza kai.

"Tubarkalla. Alhaji, a hawa na nawa aka koya muku wannan? Na biyu ko na uku?"

Korau ya tofar da igiya. "A... a talabijin na gani!"

Hajiya Tasalla ta leƙo daga jirgi. "Sauko, Alhaji, kada ka karye. Talabijin ɗin sunanta Gidan Kaɗanya, ƙauyenmu. A kan jinkar babana na fara ganinka, da waɗannan ƙafafun naka masu kama da muciya."

Jirgi ya kaure da dariya, har mai lasifika. Bawale kuwa ya ɗauko babbar rigar daga ƙasa, ya kakkaɓe, ya rataya a kafaɗarsa.

"Kada ka yi saurin sa ta, Ɗan Bene. In mun koma gida, rumbuna biyu na yoyo."