Na Wanke Aikin Jami'a da Toka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa toka na kankare aikin 'yar mutane ba, da hannuna, ina ganin taimako nake.

Ni mai ginar rijiya ne. Ban yi lakwal ba, ko aji ɗaya na boko ban shiga ba. Rijiya ta taɓa rufta mini a Gabi aka tono ni, na ci shekarar yunwa, na yi dako a Jibiya har kafaɗata ta mutu. Duk ban ji na so ƙasa ta haɗiye ni ba sai ranar nan.

Akwai rijiyar da na gina a unguwarmu a Madarunfa, kusa da garake, inda ake noman lambu. Ita ce ƙwarya ɗaya da nake nunawa in ce aikina ne. Da yara suka fara ciwon ciki, sai magana ta tashi cewa maganin feshin masu garka ya sauka cikin ruwan. Maigari ya ce a auna, in da guba a rufe ta da siminti.

Wadda ta zo awon yarinya ce daga jami'a a Maradi, Malama Rakiya. A zaurena ta sauka, don ni ne kusa da rijiyar. Ta buɗe akwati ta jera wasu 'yan falle-falle a kan faranti, kowane bai kai ɗan yatsa ba, ta rufa musu farin ƙyalle.

"Baba, zan je in gaida Maigari. A kula mini da waɗannan, kada datti ya hau."

Na ce, "Je ki, 'yata."

Tana fita na ɗaga ƙyallen (ban san abin da ya kai ni ba). Sai na ga bakin kowane ɗaya ya yi baƙi ƙirin. Na waiga, ga hayaƙin murhun Dije matata yana shigowa zaure. Baƙuwa ta ba ni amana, ko juyawa ba ta yi ba hayaƙin gidana ya ɓata mata kaya.

Ban tambayi kowa ba. Na ɗebo toka da ruwa da tsumma, na zauna. Baƙin nan ya yi taurin kai, ni ma na yi. Ɗaya bayan ɗaya na dirje su har suka yi fes. Saura guda, wanda ya fi duka baƙi, na ji muryoyi a ƙofa. Na soke shi cikin naɗin hulata don kada a gani, na mai da ƙyalle.

A bakin rijiya unguwa duk ta taru. An shimfiɗa wa Maigari tabarma, mata na baya da bokitai. Ni na kawo farantin, kuma (wannan ne ke hana ni sakewa har yau) da na ajiye sai da na ce da ƙarfi, "Ranka ya daɗe, kayan sun ɗan yi datti, amma na gyara."

Malama ta ɗaga ƙyallen. Ta ɗauki ɗaya ta duba a rana, ta ɗauki wani.

"Baba, ina baƙin?"

"Na wanke."

"Da mi?"

"Toka."

Ta zauna a gefen tabarma kamar an zare mata ƙashi. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. A hankali ta yi wa Maigari bayani. Baƙin nan shi ne aikin gaba ɗaya. Gawayin ɓawon gyaɗa ne aka haɗa da ƙurar zinariya, ƙurar da ido ba ya gani ko an ware ta. In ɗigon ruwa ya hau kansa, gubar da ke ciki na taɓa shi sai 'yar wuta ta motsa, na'ura ta ji ta faɗa. Sauran fallen roba ce kawai. Ta ce watanni ta yi tana haɗa shi.

Daga bayan taro na ji muryar Dije: "Mutumin da tun aurenmu bai taɓa wanke ko ludayi ba. Yau da ya tashi wanke-wanke, da zinariya ya fara."

Aka yi dariya. Wannan na iya ɗauka. Sai Illa, ɗan unguwarmu wanda jikansa ke kwance da ciwon cikin, ya ce ba dariya a fuskarsa, "Ko dai ya san abin da ke cikin rijiyar ne, shi ya sa ya wanke shaida?"

Dariyar ta tsaya. Na ga idanun da suka san ni tun ina saurayi sun sauya. Maigari ya ce, "In ba a iya aunawa, ba zan bar yara su ci gaba da sha ba. A rufe."

Zufa ta keto mini. Na cire hula in share goshi, sai abu ya faɗo a kan tabarma, gaban Maigari.

Malama ta riga kowa kai hannu. Ta riƙe shi ta gefe, ta hura a hankali.

"Wannan fa?"

"Shi ya fi datti. Ban samu na wanke ba, na ɓoye."

Ta dube ni. Ban san kuka za ta yi ko dariya ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Ta ce, "Baba, Allah ya yi wa hular nan albarka."

Na ce Illa ya ja guga da hannunsa, kada a ce na zaɓi ruwa. Ya ja. Ta soka fallen a wata 'yar na'ura da ke haɗe da salularta, ta ɗiga ruwa a kan baƙin. Muka tsaya. Na taɓa jira a ƙarƙashin ƙasa ina jin ana tono a samana, jiran nan ya fi shi tsawo.

Ta ce, "Ban ga maganin feshi ba. Zan tafi da ruwan a sake dubawa, amma kada a rufe. A dinga tafasa wa yara."

Illa ya ɗauki gugan ya kurɓa. Ni kuwa na zauna a ƙasa.

Sakamakon Maradi ya zo daidai da nata. Ciwon yaran likitoci suka bi shi ta wata hanya, suka warke. Amma rijiyoyin garin Safo da za ta auna a tafiyar nan sai da suka jira ta koma ta sake haɗi. Da za ta tafi na rasa abin ba da haƙuri, na cika mata buhu da ɓawon gyaɗa. Ta karɓa, ta ce zinariyar kuma ta yafe.

Abin da na koya kaɗan ne: in aka ce ka kula da abu, zama ake nufi, ba aiki ba.

Rijiyar na nan a buɗe. Ni ma ina nan gindin iccen bedi kusa da ita, yaran unguwa na kirana Baba Mai Toka, ina amsawa. Dije kan turo mini tukunya in wanke, ta ce tunda hannuna ya faɗa. Nakan ce mata baƙin nan ban san amfaninsa ba, ba ni taɓawa.